Zoben Ƙafar Tsuntsu

Wani ɗan littafi ne ya kai ni Nguru. Bangonsa kwalin sabulu ne, an ɗinke shi da zaren buhu, kuma direban wata motar kifi ne ya kawo mini shi har Kano, naɗe a leda, yana ƙanshin banda. Ba wasiƙa a ciki, ba suna. Ina buɗe shafin farko na gane hannun. Abokina ne da muka zauna benci ɗaya a kwalejin horon malamai, wanda ya shekara 19 yana koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a can. Layi biyu kawai ya rubuta. Sauran shafi 46 duk hannun yara ne 'yan aji biyu, wasu da biro, wasu da fensir, kowane labari da Hausarsa a hagu, Turancinsa a dama.

A daren na karance shi, bayan sallar asuba na sake. Na daɗe ina duba insha'in yara, na san abin da suka saba rubutawa. Ka ce su faɗi yadda suka yi hutu, sai ka tarar aji guda kaf sun je Legas, sun ga teku, sun sha askirim, har da yaron da bai taɓa wuce tashar garinsu ba. Hadda ce tsagwaronta, daga allo zuwa takarda. Wannan littafin kuwa cike yake da kurakurai, wani wurin sai ka koma Hausar kafin ka gane Turancin, amma duk shafin da ka buɗa akwai mai magana a ciki. Wata yarinya ta rubuta yadda idon mahaifiyarta ke yin ja in ta wuni a gaban banda. Wani ya rubuta yadda ake gane ramin gaiwa a busasshiyar laka. Da gari ya waye na kira shi na ce ina tafe.

Ranar wata Asabar a tsakiyar Janairu na shiga Sharon a tashar Yankaba. Hunturu ya sauko da ƙarfinsa, kowa ya naɗe kai. Muka bi Gezawa, muka karya a Gujungu, muka nufi Haɗeja cikin hazon da ba ka ganin kuka sai ka zo gindinta. Gawo ne kaɗai ya yi shar, kamar yadda ya saba in sauran itatuwa sun tuɓe. Daga Haɗeja ƙasa ta fara sauyawa. Rairayi ya yawaita, goruba ta bayyana, jefi-jefi kuma a hannun dama sai ka hango inda ruwa ya kwanta, masu noman rani sun duƙa cikin tattasai da alkama. Bayan Birniwa muka bar Jigawa muka shiga Yobe, jihohin da aka ƙirƙira rana ɗaya a 1991.

Wani wurin layin dogo kan zo ya jera da mu. Shi ya raya Nguru. A 1930 ya iso daga Kano, nan kuma ya tsaya, sai gyaɗa da ƙaro da fatu da shanun yankin duk suka koma gangarowa nan kafin su yi kudu. Kasuwa ta tara Mangawa da Hausawa da Badawa da Fulani wuri ɗaya. Jikokinsu ne zan tarar a kan benci ranar Litinin.

Abokin nawa yana jirana a tasha bisa wani tsohon babur. Furfura ta cinye masa gemu, amma dariyar tana nan.

"Mutumin Kano! Ashe sai da kwali ake kamo ka?"

"Malam, ai kai ka san tarkon da ka ɗana."

Gidansa ɗaki uku ne da zaure. Uwargida ta yi mini sannu da hanya daga bayan labule, ta aiko da burabusko da miyar busasshen kifi. A jikin katangar tsakar gida an jera tsofaffin tukwane a kife, kowace da ƙofarta, tantabaru na shiga suna fita. A zauren kuwa, kusa da tabarmar baƙi, akwai basilla da zare da danƙo da tarin kwalaye da aka yanka daidai-wa-daida. Ɗinkin littafi a wurin kakansa ya koya, baduku ne mai yin gafaka. Da farko na ɗauki waɗannan a matsayin abubuwan da mutum ke rage dare da su. Sai daga baya na gane duk hanyarsu ɗaya. 'Yan shilar da yake sayarwa su ke biyan kuɗin takarda da na hoto a shagon kwafi, basillar kuma ita ke haɗa rubutun yara ya zama littafi.

Babban abin sha'awarsa dai yana rataye a ƙusa: madubin hangen nesa da ya saya a wurin 'yan gwanjo, ido ɗaya ya ɗan yi hazo. A ƙasansa ga littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma na Nik Borrow da Ron Demey, ya kumbura don shan hannu. Na buɗe. A gefen hotuna da yawa an rubuta sunaye da fensir, wani da Hausa, wani da Barbarci, wani da Badanci ko Fulatanci, kuma a gaban kowane suna akwai harafi ɗaya ko biyu. Na tambaye shi ma'anarsu. Ya ce farkon sunan yaron da ya koya masa ne.

Ya ba ni asalin abin. Yana ɗan firamare ma'aikatan shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, sukan zo ƙidayar tsuntsaye duk watan Janairu. Shi da sa'o'insa sukan bi su suna ɗaukar musu kaya. Rannan wani daga cikinsu ya sa masa madubin a ido, ya juya shi wajen wani zalɓe da ke tsaye cikin ruwa. Ya ce ya sha ganin zalɓe tun yana goye, amma sai ranar ya ga idonsa. Mutanen gari sun daɗe suna yi masa kallon wanda ya rasa aikin yi. Yanzu sun saba, Malamin Tsuntsaye suke ce masa, har mafarauta kan biyo su tambaye shi sunan abin da suka kamo.

Lahadi, muna idar da sallar asuba muka hau babur. Sanyi na yanka kunne. A bakin ruwa wani tsohon masunci yana jiranmu da kwalekwale, ya lulluɓa da bargo.

"Baba, mun tashe ka da sanyin nan."

"Haba Malam, ni da ruwa ai tare muke tashi. Baƙon naka ya iya zama cikin jirgi?"

Na ce zan koya. Ya ce in zauna tsakiya, kada in riƙe gefe.

Na zo da tunanin zan ga tabki shimfiɗe har iyakar gani. Abin da na tarar bango ne. Kachala ta tashi hagu da dama, ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, mu kuma muna ratsa wata 'yar siririyar hanya da masunta suka sare da lauje, ganye na shafar fuska. Tsohon yana tura jirgi da gora yana magana, ba ya juyowa.

"Da, ruwa kan zo da damina da ƙarfinsa, ya share hanya. Da rani ya tafi, ƙasa ta tsage, duk ciyawar banza ta mutu. Yanzu ba ya zuwa da ƙarfi, ba ya kuma tafiya. To, wannan abar abin da take so ke nan."

Bai ambaci dam ba, amma zancensa ke nan. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa a 1992. Tun daga nan ambaliyar da ke wanke magudanai ta ragu, ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, laka ta taru, kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama makwancin tsuntsayen jan baki. A shekarar 2000 aka sa tabkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, na farko a Najeriya. Suna ya samu. Sai dai ni abin da na gani da idona shi ne dattijo mai shekara kusan saba'in yana saran hanya da hannunsa don ya isa inda ubansa ke jefa birgi daga tudu.

Can sai bangon ya buɗe. Rana ta ɗan ɗago cikin hazo, ja kamar garwashi, ruwa kuma ya yi baƙi da tsuntsaye. Kirinjijiya ce ta fara tashi, garke guda, suna wannan fito nasu mai kama da na yara. Ga dinya manya-manya a gefen tsibiri, ga balbela, ga zalɓe. Malam ya miƙo mini madubin ya ce in rufe idon hagu. Ya nuna mini wata 'yar agwagwar ruwa, namijin da farin zane daga saman ido zuwa wuya, sannan wasu masu dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa, suna tsince-tsince a laka.

"Waɗannan baƙi ne," in ji shi, a hankali. "A Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa. In sanyi ya kama can sai su ƙetaro teku da Sahara su zo nan. Wajen Maris za su koma. Shamuwa kuma lokacin take shirin zuwa mana. Gidan nan ba ya rabo da baƙo."

Mun fi awa biyu. Shi yana ƙirgawa yana rubutawa a ɗan littafin aljihu, tsohon yana duba malinsa, yana zazzage karfasa da tarwaɗa a cikin jirgi. Sau biyu na ji Malam ya tambaye shi sunan wani tsuntsu, sau biyu kuma ya rubuta abin da aka faɗa masa kamar ɗalibi.

Litinin na bi shi makaranta. Yara 84 a aji ɗaya, benci bai kai rabinsu ba, sauran suna ƙasa a kan buhu. Taga biyu ba marfi, ƙura na shigowa. Na yi tsammanin zai fara da rubutu a allo. Sai ya ce wa ke da abin da ya kawo. Wani yaro ya miƙe da wani abu a tafin hannu, gashin tsuntsu ne mai sheƙin kore, ya faɗi inda ya tsince shi, da Hausa. Aji suka yi masa tambayoyi. Wata ta ce ƙarya ne, wannan tsuntsun ba ya sauka a bishiya. Aka yi gardama. Sai da gardamar ta yi zafi sannan Malam ya ce kowa ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya sani.

Tsarinsa ke nan, zango guda cur. Yaro ya zaɓi abu ɗaya da ya fi Malam sani, tsuntsu ne, kifi ne, sana'ar gidansu ce. Ya faɗa da baki. Ya je ya tambayi wani babba. Ya rubuta da Hausa yadda ya ga dama. Sannan a fara ɗauko shi zuwa Turanci, jimla-jimla, biyu-biyu suna duba wa juna. Jan biro ba ya taɓa takarda sai a rubutu na uku, kuma ko a nan kuskure iri ɗaya yake bi a mako. A makon da na je, aikatau na abin da ya wuce ake fama da shi, duk sauran kurakurai ya ƙyale su suna jiran ranarsu. Wani yaro ya karanta cewa babansa ya harbo ɗinya ta faɗo cikin ruwa, aji ya fashe da dariya. Malam ya rubuta dinya da ɗinya a allo, ya ce su dubi yadda 'yar lanƙwasa ɗaya ta mai da tsuntsu bishiya. Daga nan ya wuce kai tsaye zuwa kalmomin Turanci da harafi ɗaya ke raba su, kuma na ga sun kama, domin sun riga sun ji abin a harshensu.

Akwai rubutun da ya fi tsaya mini a rai, tun a Kano na yi masa alama. Na roƙi a nuna mini mai shi. Wata siririyar yarinya ce a layi na biyu, hijabinta ya koɗe, ba ta ɗago kai ba. Ga abin da ta rubuta a shafin hagu:

"Malam yana son tsuntsaye. Ni ba duka nake so ba. Jan baki ya sa na rasa sati uku na makaranta. Mukan fita kafin rana ta fito, ni da ƙanena, mu ɗaura gwangwanaye a igiya, mu yi ta ja muna ihu har murya ta dushe. In sun taso daga cikin kachala kamar hayaƙi suke. Ka kore su nan, su sauka can. Shinkafar da muka samu bana ba ta kai mu ƙaramar salla ba. Na tambayi Malam ko masana sun rubuta abin da jan baki yake ci. Ya ce sun rubuta yana cin 'ya'yan ciyawa da hatsi. Ba su rubuta hatsin wane ne ba."

Mutumin da ke tashi da asuba cikin hunturu don ya kalli tsuntsu, shi ya sa wannan a shafi na uku na littafin, bai sauya mata kalma ba sai gyaran aikatau. Na tambaye shi ko bai yi ƙoƙarin nuna mata amfanin tsuntsaye ba. Ya ce wace hujja gare shi da ta fi muryarta da ta dushe? A nan na ƙara ganin girmansa. Da yawa daga cikinmu masu koyarwa, in muna son abu, so muke yara su so shi dole, su kuma rubuta mana cewa suna so.

Da daddare a zaure na fito masa da damuwata, don ban zo yabo kawai ba. Na ce a ƙarshen aji uku jarrabawa ce ke jiran yaran nan, mai dubawa kuma ba ruwansa da kirinjijiya. Yana son adireshi a inda ya dace, sakin layi, adadin kalmomi. Na ce rabin lokacin da ake ɓatawa a Hausa, ba na Turanci aka ci ba?

Ya ci gaba da huda kwali da basilla. Ya ce duk wannan yana koya musu, a aji uku ba abin da suke yi sai shi. "Amma ɗan'uwa, yaro ba ya gyara jimlar da ba tasa ba. In hadda ce, ka ja masa jan layi, sai ya haddace wata. In tasa ce, har gida zai biyo ka ya ce me ya same ta."

Na yarda da wannan, kuma na ga shaidarsa. Abin da ban samu natsuwa a kansa ba shi ne na bayan aji. Na ƙirga yara 11 da ba su rubuta komai ba, suna zana layi don kada a gane. Sun gama firamare ba su iya karatu da kowane harshe ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na yankinsa kafin Turanci, amma waɗannan ba su samu ko ɗaya ba. Malam kan sa su faɗa da baki wani ya rubuta musu, yana kuma zama da su bayan an tashi. Mutum ɗaya ne, su kuwa kowace shekara sababbi suke zuwa. Shi ma yana da tasa damuwar. 'Ya'yan Badawa da Mangawa da Fulani duk da Hausa suke cika shafin hagu, domin ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake rubuta nasu harshen. Ya ce in yaro ya kawo masa sunan tsuntsu da Badanci yakan rubuta yadda kunnensa ya ji, yana jin nauyin cewa watakila ya ɓata.

Sannan ya tashi ya ɗauko wata 'yar batta. A ciki akwai zobe na farin ƙarfe, ƙarami, bai kai ya shiga ƙaramin yatsa ba, ya sha jiki. Wani ɗalibinsa ne ya kawo. Kakan ɗalibin ne ya kama wani tsuntsu a tarko tun kafin uban yaron ya yi aure, ya ga zoben a ƙafarsa, ya tabbata na wani sarki ne, ya ɓoye bai faɗa wa kowa ba. Na kara shi a fitila. Akwai lambobi, akwai kuma kalmar da ake iya karantawa sarai: Helsinki.

Aji suka nemo garin a taswira, can ƙurewar arewa, a ƙasar Finlan. Malam ya yi musu bayanin cewa masana ne ke sa irin wannan zoben don su san inda tsuntsu ke zuwa, kuma suna son duk wanda ya tsinta ya sanar da su. Sai yaran da kansu suka ce to a rubuta musu. Wasiƙar neman aiki da wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda ake sa su kwafa kowace shekara, ba su taɓa zuwa ko'ina ba. Wannan kuwa wani zai buɗe ta. Sati huɗu suka yi a kanta, aka sake ta sau biyar. Ya ce bai taɓa ganin yara na faɗa a kan waƙafi ba sai lokacin. Babbar gardamar ita ce ko a faɗa wa mutanen cewa an cinye tsuntsun. Wasu suka ce abin kunya ne, Turawa za su yi fushi. Jikan mai tarkon ya ce kakansa bai yi sata ba, yunwa ake yi a shekarar. Aka kaɗa ƙuri'a, gaskiya ta yi rinjaye. Na karanta jimlar a rubutu na ƙarshe, gajeriya ce, aikatau ɗinta daidai.

Zai iya tura bayanin ta intanet cikin minti biyar, ya ce kuma zai tura. Amma yana so su ga ambulan da kan sarki, su san takardar da hannunsu ya taɓa ita ce za ta isa. Tunda Kano zan koma, sai ya danƙa mini.

Talata da sassafe ina tsaye a tasha ana ɗaura buhunan kifi a saman mota, sai ga wani yaro da kayan makaranta, leɓensa ya tsage don hunturu, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Malam, ni ne mai zoben. Wai na ce, don Allah kada ta lanƙwashe."

Na ciro ambulan daga aljihun gaba, na buɗe littafin mai bangon kwali, na sa ta a tsakiya a gabansa, na rufe. Ya dubi littafin, ya dube ni, sannan ya juya da gudu don kada ya makara.

Laraba da hantsi na kai ta gidan waya, aka auna, aka buga hatimi. Da azahar wayata ta yi ƙara. Malam ne, ina jin hayaniyar aji a bayansa, wata murya tana cewa a tambaye shi, a tambaye shi. Na ce a faɗa musu ta tafi. Ihu ya tashi har sai da na janye wayar daga kunne. Da suka lafa ya ce yanzu wata sabuwar gardamar ce ta ɓarke, aji ya rabu biyu: ko amsa za ta iso kafin baƙin tsuntsaye su tashi a watan Maris, ko sai bayan sun tafi. Ya ce ya sa kowa ya rubuta hujjarsa, shafi ɗaya, a kawo ranar Juma'a.